Inabi a Gindin Tiga: Abin Koyo Daga Masu Giya, da Abin da Za a Bar Musu

A duk liyafar bikin da ta amsa sunanta a Kano a yau, za ka tarar da wata doguwar kwalba mai naɗin takardar gwal a wuya zaune a teburin manyan baƙi. Eva ce, ko Chamdor, ko wata 'yar uwarsu. Ruwan inabi ne a ciki, an ɗura masa gas, babu ɗigon barasa, shi ya sa alhaji da hajiya suke sha hankali kwance. Sai dai inabin da aka matsa bai nuna a ƙasarmu ba. Haka shi ma wanda ake jerawa cikin 'yan robobi a kasuwar 'Yan Lemo ta Na'ibawa da manyan kantuna, akasarinsa daga Afirka ta Kudu ko Masar yake zuwa. Ƙishirwar tamu ce, kuɗin namu ne, gonar ta wasu ce.

Ina ganin kudancin jihar nan, wato Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa, yana da abin da ake buƙata don ya karɓe wani yanki na wannan ciniki. Ina kuma ganin malamin da ya fi cancanta a zauna gabansa kafin a dasa ko da reshe ɗaya shi ne wanda ba ma so a gan mu tare da shi, wato mai gidan giyar inabi. Kada mai karatu ya zabura. Babu gidan matsar giya a Kano, kuma ba na cikin masu fatan a samu. Tun da aka ƙaddamar da shari'a a 2000 hukuma ta rufe wannan ƙofa, kafin hukuma kuwa addini ya riga ya rufe ta. Amma mutanen da suka shafe dubban shekaru suna noman abu ɗaya sun san wani abu a kansa, kuma ba dukan abin da suka sani ne yake sa maye ba.

Ɗauki takardar tallan kowane ƙaramin gidan giya a Faransa ko Italiya ko Afirka ta Kudu, ka danne kalmar barasa da yatsa, ka karanta saura. Za ka ga suna ta nanata sunan ƙasar da inabin ya fito, da sunan irin da aka shuka, da abincin da ya dace a ci tare da abin shan. A yankin Burgundi na Faransa iri biyu ne kusan kowa yake nomawa, Pinot Noir mai baƙi da Chardonnay mai fari, amma an yanka tuddan yankin zuwa filaye sama da 1,200, kowanne da sunansa da iyakarsa, har hukumar UNESCO ta sa su cikin kayan tarihin duniya a 2015. Sai ka ga gona biyu da 'yar turba ce kawai ta raba su, irinsu ɗaya, wani lokaci ma manominsu ɗaya, amma kwalbar wannan ta ninka ta waccan a kuɗi. Fotugal ta shata iyakar kwarin Douro da doka tun 1756. Faransa ta kafa hukumar tsaron sunayen wurare a 1935. Shi ya sa a Turai wanda ya matsa inabinsa a wajen yankin Shamfen ba shi da ikon rubuta wannan suna a kwalbarsa, ko da abin da ya yi ya fi na 'yan yankin kyau.

Barasa kuwa iri ɗaya ce ko'ina. Wadda take cikin ƙwaryar burkutu ita ce take cikin kwalbar da ta fi kowace tsada a Faris. Ba ita ake biya wa wannan uban kuɗi ba. Sunan ƙasa ake biya, da amanar cewa sunan ba ƙarya ba ne.

Bahaushe ba baƙon wannan hikima ba ne. Kakanninmu sun san bambancin goron Gwanja da sauran goro, sun san gishirin Bilma, sun san rawani ɗan Kura wanda Buzaye suke ƙetaro hamada dominsa. Yau ma idan aka ce raken Maƙarfi ko albasar Galmi, mai saye ya san abin da yake tsammani. Inda muka yi sake shi ne rubuta sunan da tsare shi. Fatar jar akuyar Sakkwato da majemanmu suka jeme ta bi ayari ta ratsa Sahara, Turawa suka saye ta a tashoshin Arewacin Afirka, suka sa mata suna fatar Maroko, kuma da wannan suna aka yi wa littattafan manyan ɗakunan karatun Ingila bango. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. 'Yan uwanmu na Nijar sun farga da wannan: a 'yan shekarun nan sun yi wa kilishinsu da albasar Galmi rajista a hukumar OAPI mai hedikwata a Yawunde, don kada wani ya sayar da nasa da sunansu. Nijeriya ba ta cikin wannan hukuma, amma dokarmu ta alamomin kasuwanci ta 1965 ta yarda a yi rajistar alamar shaida, wadda ƙungiyar manoma za ta iya riƙewa.

Wannan shi ne ɓangaren darasin mai daɗin ji. Akwai wani mai ɗaci, wanda masu ɗokin noman inabi a Arewa ba su cika tsayawa a kansa ba.

Giya, tun asalinta, rumbu ce. Inabi ɗan itace ne mai taushin fata, cike da ruwa da sukari, kuma a jikin fatar tasa akwai yis na halitta. Da zarar ya fashe, yis ɗin ya fara cin sukarin yana mayar da shi barasa. A zafin Kano, matsattsen ruwan inabin da aka bari a buɗe zai fara kumfa cikin kwana ɗaya ko biyu. Ruwa dai ba ya tsami banza. Manomin Bahar Rum na da can ya ga amfanin shekara guda yana nuna cikin makonni kaɗan, ba shi da firiji, ba shi da mota, sai ya bar tsimuwar ta yi aikinta, ya samu abin da zai ajiye shekaru ya kuma ɗora wa jirgin ruwa. Duk sauran ƙawa, da sunaye da kwalabe da ƙwararrun ɗanɗano, a kan wannan tubali aka gina su. Mu da muka haramta wa kanmu wannan rumbu, kuma da hujja muka yi haka, wajibi ne mu gina wani. Wanda ya dasa inabi ba tare da ya amsa tambayar ina zai zuba shi ranar da ya nuna ba, ya shirya wa kansa abin da manomin tumatir yake gani kowace shekara.

Ba sai an je nesa neman misali ba. Kowa ya san yadda kwandon tumatir yake faɗuwa warwas a Kadawa da Kwanar Gafan idan kaka ta yi, har a bar wani a gona saboda kuɗin mota ya fi kuɗinsa. An buɗe masana'antar tumatir ta Ɗangote a Kadawa a 2016 da ƙarfin sarrafa tan 1,200 a rana, a shekarar kuma tsutsar nan da manoma suka sa wa suna sharon ta cinye gonaki, injin ya tsaya saboda rashin abin niƙa, daga nan aka shiga buɗewa da rufewa. Gona ba masana'anta asara ce, masana'anta ba gonar da aka shirya dominta ita ma asara ce. Inabi kuwa ya fi tumatir tsadar kuskure, domin tumatir wata uku ne ka sake shawara, shi kuwa itace ne da za ka yi wa rumfar ƙarfe da waya, ka jira shekara ɗaya da rabi zuwa biyu kafin ka ga ɗan fari, sannan ka zauna da shi shekara goma sha biyar ko fiye.

Tambayar ko inabi yana yi a ƙasar Hausa, maƙwabtanmu na Kudan a jihar Kaduna sun riga sun amsa ta. Gonakin inabi suna nan a kewayen Hunƙuyi, ana cire shi cikin rani, ana lodinsa zuwa birane, kuma daga Kwanar Ɗangora zuwa can tafiyar awa ɗaya ce ko kusa da haka. Gani ya kori ji. Kasuwarsu dai ta ɗanyen inabi ce, wadda mai mota da dillali suke yanke wa farashi saboda sun san kayan ba ya jira. Idan kudancin Kano zai shigo, bai kamata ya shigo don ya ƙara kwanduna a kan na Kudan a mako ɗaya ba.

Me ƙasar take da shi? Na farko ruwa. Madatsar Tiga da Gwamna Audu Bako ya gina a kan Kogin Kano tsakanin 1971 da 1974 tana cikin Bebeji, kuma tana cikin mafiya girma a ƙasar nan. Babbar hanyar ruwanta arewa ta nufa, tana shayar da shinkafa da alkama da tumatir a Kadawa da Kura da Bunkure. Ƙauyukan da suke kan tudu a gefen tafkin, a Bebeji da Tudun Wada, suna kallon ruwan da ido, amma magudanar ba ta hawa tudu. To, inabi ɗan tudu ne. Ba ya son ƙafarsa cikin ruwa. Ƙasa mai tsakuwa da gangare wadda ruwa ba ya kwanciya a kanta ita ce abin sonsa, kuma ban-ruwan ɗigo da famfo mai aiki da hasken rana ya ishe shi. Ke nan ba zai ƙwace fadamar shinkafa ba, ƙasar da take zaman banza daga Nuwamba zuwa Mayu zai ɗauka.

Na biyu rani, wanda muka saba ɗauka a matsayin azaba. A Turai sanyin hunturu ne yake sa itacen inabi barci, ya farka da bazara ya yi fure. A ƙasashen zafi babu wannan barci, sai manomi ya ƙirƙire shi da ƙishirwa da almakashi: ya janye ruwa, ya datse rassa, ya shafa wa idanun reshe wani sinadari mai tashe su tare. Da wannan dabara garin Petrolina na Barazil, wanda yake daraja 9 kudu da tsakiyar duniya, ya zama mai tura inabi Turai, da ruwan Kogin São Francisco da madatsar Sobradinho, har ana cire amfani sau biyu a shekara. Tiga tana tsakanin daraja 11 da 12 ne a arewa. Amma wanda ya fi kama da mu shi ne Nashik na jihar Maharashtra a Indiya, domin su ma suna da damina mai ƙarfi da dogon rani. Can ana datsa sau biyu a cire sau ɗaya: datsar Afrilu don itacen ya yi sababbin rassa ya ratsa damina da ganye kawai, da datsar Oktoba don ya yi fure bayan ruwa ya ɗauke, 'ya'yan su nuna bayan kamar wata huɗu cikin busasshiyar iska. Ɗora wannan jadawali a kan shekararmu, sai ka ga nunar ta faɗo daga tsakiyar hunturu zuwa bakin bazara, lokacin da rana take da ƙarfin tara sukari, dare kuma yake da sanyin riƙe launi da ɗan tsami. Abokan gaba su ne funfunar da take cin ganye da damina, da gara, da tsuntsaye, kuma kowannensu yana da kuɗinsa.

A nan ne maganar sunan ƙasa take daina zama ado. Ƙananan hukumomin nan huɗu ba ƙasa ɗaya ba ce. Wanda ya taso daga Bebeji ya bi ta Tudun Wada, ya ratsa dajin Falgore, ya hau zuwa Riruwai a Doguwa, ya san iska tana sauyawa a jikinsa. Duwatsun Riruwai, inda aka haƙi kuza a zamanin Turawa, sun haura mita 1,000, darensu ya fi sanyi, kuma wannan alheri ne ga ɗanɗanon inabi. Amma damina ta fi tsawo da nauyi a can, wannan kuma alheri ne ga funfuna. Ƙiru da Bebeji sun fi bushewa, sun fi kusa da babbar hanyar Kano zuwa Zariya. Zatona shi ne zabibi zai fi yi a arewacin yankin, ruwan kwalba mai ƙamshi kuma a kudancinsa, amma zato ba ya zama tambari. Cibiyar binciken kayan lambu ta ƙasa, NIHORT, tana da reshe a Bagauda, cikin Bebeji. Cibiyar binciken noma ta Samaru tana da tasha a Kadawa. Jami'ar Bayero tana da cibiyar noman ƙasashe masu ƙarancin ruwa. Aikin da nake so a ba su ƙarami ne a kuɗi: a dasa iri biyar ko shida, su ɗin dai, a wurare huɗu, a auna sukari da tsami da cuta shekara uku a jere, a buga sakamakon da Hausa. Sufayen coci da suka shata filayen Burgundi ba su da ma'aunin komai sai harshe da haƙuri, sun ɗauki ɗaruruwan shekaru. Mu ba ma buƙatar ko goma.

Batun iri shi ne inda masu giya suka fi mu tarbiyya. Ba sa cewa "inabi" kawai, kamar yadda manomin dawa ba ya cewa "dawa" kawai alhali ya san ƙaura da farfara. Suna fara yanke abin da za a yi da shi, sannan su zaɓi irin. Cabernet Sauvignon da duniya take yi wa kirari ƙananan 'ya'ya ne da shi, masu kaurin fata, cike da ƙwallo. Don tsimawa aka raine shi, ba shi da wani amfani a farantinmu. Mai son zabibi Thompson Seedless zai nema, wanda kuma ake kira Sultana, fari marar ƙwallo mai siririyar fata, shi ne ƙashin bayan zabibin Manisa a Turkiyya da na Sangli a Indiya. Mai son ruwan kwalba yana buƙatar iri mai launi da ƙamshi da tsami, kamar Bangalore Blue na kudancin Indiya, wanda ya fi jure cuta, ko dangin Muscat masu ƙamshi kamar na fure. Abin da ya fi daɗi a ci ɗanye sau da yawa lami yake zama idan an matse shi, sai zaƙi kawai kamar ruwan sukari. Dabarar aure kuwa, wadda manomanmu suka ƙware a kanta wajen mangwaro, ita ce ake yi wa inabi: a Maharashtra ana ɗora irin da ake so a kan saiwar wani mai suna Dogridge saboda juriyarsa ga fari da gishirin ƙasa.

Rumbun da ya fi dacewa da mu, a ganina, shi ne mafi tsufa: shanya. Kilo huɗu na ɗanyen inabi, ko ɗan fiye, yana ba da kilo ɗaya na zabibi, wanda zai shekara a buhu ba tare da wutar lantarki ba. Musulmin Turfan a yammacin Sin suna gina ɗakunan tubalin laka masu ramuka a bango, su rataye inabi a ciki, iskar hamada ta ratsa ta busar da shi a inuwa ya fito kore shar. Mutanen Afganistan suna da irin waɗannan ɗakuna, suna kuma da wata dabara ta rufe ɗanyen inabi cikin kasko biyu na laka a liƙe bakinsu, ya yi watanni bai lalace ba. A Bahar Rum tun zamanin da ake tsoma inabi cikin ruwan toka da ɗan mai kafin a shanya, don fatar ta saki ruwa da wuri. Laka, toka, inuwa, busasshiyar iska: wanne ne babu a Ƙiru a watan Fabrairu? Maginin da ya iya rumbu da soro ba zai gagara gina wannan ɗaki ba. Ƙurar hunturu ce kawai za a yi wa dabara da raga.

Akwai wani abu mai ban sha'awa a nan. Ɗalibin da ya karanta Risala a zaure ya wuce ta kan zabibi a babin zakka, ya ji cewa ana haɗa nau'o'insa wajen cika nisabi, ya ji shi cikin abincin da ake fitar da zakkar kono da shi, alhali bai taɓa ganin itacen ba. Alƙur'ani ya ambaci inabi sau 11, kuma inabi ne bawan nan Addas ya miƙa wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a lambun Ɗa'ifa ranar da mutanen garin suka jefe shi. Fiƙihun amfanin gonar ya riga gonar zuwa ƙasarmu da ɗaruruwan shekaru.

Rumbu na biyu kwalba ce, kuma wanda ya buɗe wannan hanya mutum ne da ya ƙi barasa saboda addininsa. Thomas Welch likitan haƙori ne, ɗan cocin Methodist a garin Vineland na jihar New Jersey a Amurka. A 1869 ya ɗauki binciken Louis Pasteur, ya dumama matsattsen ruwan inabi cikin rufaffiyar kwalba har yis ɗin ya mutu, don cocinsu ya samu abin sha marar maye. Irin da ya yi amfani da shi, Concord, dangin Bangalore Blue ne ta wajen ƙamshi. Abin da ya fi jan hankalina a labarin shi ne ƙarshensa: tun 1956 kamfanin Welch's mallakar ƙungiyar manoman da suke noma masa inabi ne. A Nashik ma Sahyadri Farms, ɗaya daga manyan masu fitar da inabin Indiya, kamfanin ƙananan manoma ne. Akwai kuma hanyar dafa ruwan inabi har ya yi kauri kamar zuma, wanda Larabawan Sham suke kira dibis, Turkawa kuma pekmez. Duk wanda ya ga yadda ake mazarƙwaila ya san rabin aikin. Ruwan khal shi ne mai sarƙaƙiya, domin hanyarsa ta bi ta tsimuwa kafin ya zama khal. Hadisi ya yabe shi a matsayin mahaɗin abinci, malamai kuma sun yi saɓani kan wanda aka juya da gangan. Wannan a kai shi gaban malamai tun kafin a sayi tukunya.

Saura abinci, wanda mutanenmu suke ɗauka iyayi ne na Turawa. Ba iyayi ba ne, talla ce mai tushe a harshe. Ƙa'idojin kaɗan ne. Tsami yana yanke maiƙo. Zaƙi yana kwantar da yaji. Sinadarin da yake cikin fatar baƙin inabi, wanda yake sa baki ya ɗaure, yana kama maiƙo da nama ya wanke harshe. Turawa sun samo sunansa ne daga sana'ar jima, mu kuwa muna da kalmarsa tun tuni: bauri. Shi ne a cikin goro, shi ne a cikin ɗanyar kanya, shi ne a cikin bagaruwar da majema suke jima da ita. Wanda ya taɓa neman baƙin shayi bayan balangu ya yi aiki da wannan ƙa'ida ko bai san sunanta ba. Haka wanda ya haɗa ƙosai da kunun tsamiya, ko ya ƙi cin tsire sai da albasa da tumatir.

Saboda haka mai kwalbar Doguwa ba ya buƙatar aron cukuin Faransa. Baƙin ruwan inabi mai bauri da tsami, wanda ba a ƙara wa sukari ba, abokin tsire ne da balangu da naman sallah. Fari mai ƙamshi da ɗan zaƙi zai zauna da kilishi mai yaji ko farfesun kayan ciki. Wanda aka matsa tun inabin bai gama nuna ba, mai tsami sosai, wanda Farisawa suke dafa abinci da shi, zai yi aikin lemon tsami a kan ɗanwake da gurasa. Zabibi kuma ya shiga dambu da shinkafar biki da alkaki. Tuwo da miyar kuka kam a bar su da ruwan randa, ba kowane aure ne yake ƙulluwa ba. Amfanin rubuta irin wannan a jikin kwalba shi ne mai saye ya daina ganin kayan a matsayin lemon kwalba mai tsada, ya fara neman na wuri kaza don abinci kaza. Zoɓo da kunun aya ma sun cancanci wannan gata, da za a samu mai yi musu.

Na san abin da za a ce. Wani zai ce noman inabi da yawa ƙofa ce ga masu giya na wasu jihohi su zo saye. Gaskiya ne, kuma mazhabarmu ta hana sayar da inabi ga wanda aka san giya zai yi da shi. Amma manomin da kayansa yake ruɓewa a kwando shi ne wanda ba ya tambayar mai saye me zai yi da shi. Wanda yake da ɗakin shanya yana da ƙarfin cewa a'a. Dawa ma ana burkutu da ita, ba mu daina nomanta ba. Wani zai ce siffar kwalbar kwaikwayon mashaya ce. Da wannan na yarda, kuma ban ga dalilin da zai sa kayan Bebeji ya sa rigar Shamfen ba. A nemi siffar da ta fito daga tulu ko buta ko gora.

Ƙorafin da ya fi damuna shi ne na jari. Rumfar waya da bututun ɗigo da jiran shekara biyu ba aikin mai kadada ɗaya ba ne shi kaɗai. Idan aka bar abin ya tafi yadda ya saba, manyan ma'aikata da 'yan siyasa daga birni, wato irinmu masu karanta wannan, za su saye tuddan gefen Tiga da araha, 'ya'yan masu ƙasar su koma 'yan ƙwadago a gonar iyayensu, sunan garin kuma ya zama mallakar wani kamfani. Shi ya sa nake cewa a fara da rajistar suna a hannun ƙungiyar manoman wurin kafin ƙasar ta yi daraja, da sharaɗi rubutacce cewa ba mai sa "Tiga" ko "Riruwai" a kwalba sai wanda ya noma a cikin iyakar, da irin da aka amince, ba tare da gauraya da matsattsen ruwan da aka shigo da shi cikin durom ba. Mai kuɗin birni ya zuba jarinsa a injin matsa da ɗakin sanyi da mota, nan ne ake buƙatarsa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Akwai kuma wani lissafi da ya kamata duk mai shirin dasawa ya yi da kalanda a hannu. A waɗannan shekaru azumi yana faɗowa ne a Fabrairu da Janairu, daidai lokacin nunar inabi, lokacin da kowane gida yake neman kayan marmari na buɗa-baki. Ɗanyen inabi zai yi kasuwa, kuma wannan kasuwa za ta ruɗi mutane su ɗauka haka abin yake. Amma azumi yana matsowa da kwana goma ko sha ɗaya kowace shekara. A 2030 zai zo sau biyu, farkon Janairu da ƙarshen Disamba. Wajen 2035 zai kama a farkon Nuwamba, lokacin da itacen bai wuce fure ba. Wajen 2040 yana cikin Satumba, ana ruwa, babu ko ƙwaya ɗaya a rumfa. Itacen da aka dasa bana yana nan da ransa a duk waɗannan shekaru, kuma abin da mai shi zai kai kasuwar azumin 2040 shi ne abin da ya shanya ko ya ɗura a kwalba tun watan Maris.